Sallamar Tashi: Amsa Ga 'Yar Ƙanena

'Yata,

Saƙonki ya same ni tun daren Talata, kuma sau uku na saurare shi. Ban mayar miki da murya ba don na san halina, in na ɗauko wannan zance da baki ba zan kai shi ƙarshe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta a takarda, ƙanwarki ta kwafe miki a waya.

Na ji an yi wa maigidanki canjin wurin aiki zuwa Abuja, har kun kama gida a Kubwa, ƙarshen wata za ku tashi. Madalla, Allah ya sa alheri ne ya kira ku. Sai kuma tambayarki, wai Goggo dole ne sai mutum ya bi ƙofa ƙofa yana sallama da neman yafiya? Ba zai wadatar ba ki rubuta a zauren WhatsApp na matan gidan, ku yi sammako ku kama hanya? Kika ce abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne ƙofar matar nan da ɗakinta ke kallon naki, wadda tun azumin bara ba kwa ga maciji saboda rigimar igiyar shanya.

A nan na yi dariya har ƙanwarki ta leƙo. Sallama a waya, ga mutanen da in kin yi atishawa a ɗakinki suke amsa miki daga nasu! Amma da na kai ƙarshen saƙon, inda muryarki ta canza, sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Kin ce shekara tara kina roƙon Allah ya fitar da ke daga gidan hayan nan na Unguwar Rogo a Jos, da wahalar ruwansa, da layin banɗaki da asuba, da kwatar da ke toshewa duk damina. Ga shi Allah ya amsa, ke kuma kin kasa barci, kina ɗaure kaya kina hawaye, har kina tambaya ko lafiyarki ƙalau.

Lafiyarki ƙalau, 'yata. Ni ma na yi irin wannan kuka, a bayan mota a-kori-kura, da akuya a ƙafata.

A 1972 aka kawo ni ƙasar Jos daga Zariya, ina da shekara 17. Lokacin ba a fara kashe naira ba, da fam da sule aka yi mini sayayyar aure. Inna, wato kakarki, kwana biyu ta yi tana kuka da ta ji bariki za a kai ni, don a wurin mutanenmu kalmar bariki ba ta da daɗin ji. Malam maigidana, Allah ya jiƙansa, yana aikin kula da injin jan ruwa a ramin kuza, a wani bariki tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Ɗakuna ne a jere, rufin kwano, kowane iyali ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gaba. Bango ɗaya ne tsakaninki da maƙwabciya, in mijinta ya yi tari cikin dare sai kin farka.

Abin da ya fara gaishe ni shi ne sanyi. Ku da aka haifa a nan ba ku san yadda yake ga wanda ya zo daga ƙasa ba. Ruwan randa da asuba kamar zai yanke yatsu, leɓe ya fashe, ƙafa ta yi faso, man kaɗanya ba ya kwana biyu a gwangwani. Da dare sai an shigo da garwashi a kasko. Da damina kuma ƙanƙara ta sauko a kan kwanon nan har ba kya jin maganar wanda ke kusa da ke. In kin fito waje ba abin da ido zai huta a kai, sai tulin jar ƙasa kamar duwatsu, da ramuka, da kududdufan da aka gama haƙa aka bari, ruwansu kore shar, ba ya motsi. Mata suna bin juna da kwano a ka, suna kai ƙasa wurin wanki, a fitar da baƙin yashin nan a kai Makeri a narka. Ranar biya bariki ya cika da kiɗa da caca da burkutu, kafin dare an fasa wa wani kai. Abu ɗaya da muka fi birnin Zariya da shi a lokacin shi ne wuta, wadda ake jawowa daga Kura Falls, ba ta cika ɗaukewa ba.

Sau biyu na ɗaure kayana a shekarar farko da niyyar gudu gida. Surukata ce ta kwance su duka biyun, ba faɗa ba zagi. Ita ta ga abin da ya fi nawa. Mijinta yana cikin waɗanda aka kwaso daga ƙauyuka a lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, abin da suke kira ɗiban gwamna, aka kawo su haƙar kuza dole da 'yar riga ɗaya a jiki. Ta ce sanyi ya kashe da yawa daga cikin abokan tafiyarsa. Da aka sake su wasu suka koma, shi ya zauna, ya aika aka kawo ta. Na taɓa tambayarta me ya zaunar da shi a wurin da aka kawo shi da igiya. Ta ce, "Sabo turken wawa. Ke ma yana nan yana jiran ƙafarki."

A layinmu akwai Birom, da Angas, da Barebari, da Tibi, da Ibo, da Yarabawa, kowa da irin Hausarsa, kuma da ita ake ciniki da faɗa da sulhu. Wadda muke bango ɗaya da ita 'yar Birom ce, Kirista, ta girme ni da kamar shekara goma, kowa Maman 'yan biyu yake kiranta. Ita ta koya mini gwate da tuwon acca. Ita ta karɓi haihuwata ta fari a 1974, cikin daren da ƙanƙara ke zuba, ba motar zuwa asibiti, surukata na riƙe da fitila hannunta na rawa. Kwana arba'in na wankan jego, rabin itacen da aka dafa ruwan da kanta ta ɗauko shi. Babanki zai tuna ta, don lokacin yana hannuna yana zuwa makaranta a Bukuru, kuma ya ci tuwonta ba adadi.

Ban taɓa ba ki labarin yarona na biyu ba sai a taƙaice. A 1981 ne, yana da shekara biyar. Ya bi yara wajen kududdufi bayan azahar. Waɗannan ramuka ba su da gaɓa kamar rafi, taku ɗaya daga baki sai zurfi. Mijin Maman 'yan biyu ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, maza shida suna riƙe da ita, sau huɗu yana nutsewa kafin ya fito da shi. Aka binne shi a maƙabartar bayan bariki, fili ne kawai ba shinge, hanyar shanu ta bi ta gefensa. Kwana bakwai matar nan tana kwana a ƙofar ɗakina.

To ki ji abin da ɗan Adam yake. Shekara uku bayan wannan, akuyata ta tsinke ta shiga ɗan lambun da take ban ruwa da rani, ta cinye mata kabeji da tumatir, wahalar wata biyu. Ta jefe ta da taɓarya ta karya mata ƙafa, ga akuyar da ciki, dole aka yanka. Na fito tsakar layi na gaya mata maganar da har yau ba na iya maimaitawa, maganar da ta wuce kanta ta taɓa danginta da addininta. Ita ma ta mayar. Daga ranar muka shiga gaba, shekara biyu cur. Mu haɗu a famfo, kowa ta kau da kai. Malam ya yi mini wa'azi har ya gaji, ya ce bai halatta a ƙaurace wa juna fiye da kwana uku ba, na ce ai wannan tsakanin Musulmi ne. Ya ce to haƙƙin maƙwabtaka fa, shi ma sai an tambayi addini? Na yi shiru, amma ban je ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

A ƙarshen 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, can Landan, mu da ba mu san inda Landan take ba muka ji a tukunyarmu. Dama aikin ya daɗe yana ja da baya. Albashi ya fara makara, wata ɗaya, wata uku. Aka kashe injuna, ruwa ya cika ramin da Malam ya shekara goma sha yana tsotsewa. Kullum sai kin ga an ɗora kaya a mota, ɗaki ya zama kango. A ƙarshen 1986 aka sallami Malam da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya haɗa da abin da wani ɗan'uwansa ya ranta masa, ya kama rumfar sayar da kwanuka a sabuwar kasuwar Terminus. Ranar da ya dawo ya ce mun samu ɗaki biyu a cikin Jos, na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Shekara goma sha huɗu ina jiran wannan rana.

Saura kwana uku mu tashi, surukata ta ce, "Ɗauki mayafinki." Na ce ina za mu? Ta ce ba mu ba, ke. Na ce Inna ai kowa ya ji za mu tashi, barikin duka nawa yake. Ta ce, "Ɓarawo ne kaɗai ke fita gida ba sallama. Da guɗa aka shigo da ke layin nan, ba za ki fita kamar wadda ake bi bashi ba." Ta ƙara da wata magana da ta ce daga bakin mahaifinta ta ji: laifin da ke tsakaninka da Allah a kan buzu ake gyara shi, wanda ke tsakaninka da mutum kuwa sai a ƙofar ɗakinsa.

Kafin in taka ko'ina sai da ta sa na fito da duk abin aro. Ban san ɗakina cike yake da kayan mutane ba sai ranar: rariyar wance, ludayin wance, allurar ɗinkin buhu, wata tasa da aka kawo mini abinci a ciki tun sunan autata. Ta sa na biya mai tebur bashin sabulu da kananzir, na cika zubin adashina na sati biyu da suka rage duk da na riga na kwasa. Abin da mota ba za ta ɗauka ba kuma ta ce ba a sayar wa maƙwabci, kyauta ake bayarwa. Randata babba, da murhu, da kejin kaji, duk aka raba.

Na fara da gidan liman, sai shugaban leburori, sai na bi layi. A kowace ƙofa in yi sallama, in durƙusa, in ce mun tashi, zama ya yi zama, abin da na yi muku da sani da wanda ban sani ba a yafe mini. Su ce ba komai, mun yafe, mu ma a yafe mana, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Wata ta ba ni ƙwai uku, wata gyaɗa a leda, wata sabulu sanda ɗaya. Wani tsoho Babarbare mai gadi, da idonsa ya riga ya tafi, ya laluba aljihu ya ba ni kwabo hamsin ya ce in saya wa yara rake a hanya, yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa sanin ya san da zamana ba. Ashe ɗan kunun da nake aika masa da azumi yana lissafe da shi.

Akwai kuma wata Bayarabiya mai tuyar ƙosai, da na ce ta yafe mini sai ta ce to zauna. Ta ce shekara biyar da suka wuce uwarta ta rasu a garinsu, ta je ta dawo, duk layi suka shigo mata gaisuwa ban da ni. Wallahi na manta, ina jin lokacin ina cikin nawa jimamin ne. Amma ita tana riƙe da shi shekara biyar, tana sayar mini da ƙosai tana murmushi. Ta faɗa, na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta cika mini kwano da ƙosai. Ki gaya mini, 'yata, da a zauren waya na rubuta, me za ta yi in ba ta turo mini ɗan hoton hannu biyu a haɗe ba? Da na tafi da wannan kaya a wuyana ban sani ba.

Rana ta uku bayan la'asar, ƙofa ɗaya ta rage. Na dawo ɗaki na cire mayafi na ce na gama. Surukata tana kan tabarma tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kin gama da masu sauƙi." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Na ce a raina gobe war haka ina Jos, ba zan sake ganinta ba, me ya yi zafi? Sai kuma na tuna igiyar nan a ƙugun mijinta.

Taku bakwai ne tsakanin ƙofata da tata. Na same ta a bakin rumfa kan kujera 'yar tsugunno, da ƙorai biyu a gabanta, tana rege acca. Kin san aikin acca, ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, sai an yi ta juyawa cikin ruwa daga wannan ƙwarya zuwa waccan, a hankali, har yashin ya kwanta a ƙasa. Yatsunta duk sun takure don sanyin ruwa. Na ce gafara dai. Shiru. Na durƙusa a gabanta, gwiwata a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ce, "Maman 'yan biyu, gobe da safe za mu tashi, na zo sallama. Maganar da na gaya miki ranar nan ban kyauta ba. Ki dubi girman Allah ki yafe mini."

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da juya ƙwaryarta, ruwa na zuba siriri, ni ina durƙushe har ƙafata ta fara sagewa. Yaran layi sun taru daga nesa suna kallo. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza. Can sai ta tura mini ɗaya ƙwaryar da ƙafa, ta ce, "Riƙe nan." Na riƙe. Ta zuba, na tara, na mayar mata, ta sake zubawa. Haka muka yi ta yi ba mai magana, kamar yadda muka saba shekarun baya, har aka kira magariba. Sai da ta tsiyaye ruwan ƙarshe, idonta a kan accar, ta ce, "Yaron fa? Shi kaɗai za ku bari?"

'Yata, kwana uku ina yawo ƙofa ƙofa, ba wanda ya ambace shi, ni ma ban bari zuciyata ta je wurin ba. Na kifa kaina a cinyar matar da na shekara biyu ban gaisar ba, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauke shi. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Shanu na bi ta wurin. Zan kafa masa ƙerana." Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Akuyarki, ban san tana da ciki ba. Ni ma ki yafe."

Da safe a-kori-kura ta zo. Duk wanda ya rage a layin ya fito rakiya, maza suna ɗora kaya, liman ya yi mana addu'ar matafiyi, ya ba Allah ajiyar addininmu da amanarmu da ƙarshen ayyukanmu. Har direba ya tayar da mota sai ga ta tana jan 'yar akuya da igiya, ja mai farin goshi, da ƙullin acca a ɗaya hannun. Ta ɗaga akuyar ta ajiye a ƙafata, ta ɗaura igiyar a jikin ƙarfe, ta koma gefe ta tsaya. Mota ta ja. Ina kallon tulin jar ƙasar nan da na tsana, da rufin kwanon da ya hana ni barci, da famfon da na sha faɗa a kansa, sai na ji kamar ana zare mini wani abu daga ciki. Kuma a daidai wannan lokaci, wallahi, ina murna, ina tunanin yarana za su yi makarantar kirki, ba sauran kududdufi a bayan gida. Duka biyun a ƙirji ɗaya, ba wanda ya kori wani. Na ce wa surukata, Inna me ya same ni, ni da na roƙi wannan rana? Ta ce, "Ai ba daɗi ake wa kuka ba, sabo ake wa kuka. Yi abinki."

A 1993 muka je biki Barikin Ladi, na roƙi direba ya ratse. An kwashe kwanon ɗakunan, ciyawa ta cinye layin, aka ce ta koma ƙauyensu. Amma daga bakin hanya na hango ƙeranar, zagaye guda a tsakiyar fili, ta fi tsayina.

Wannan tashi na farko ke nan. Na biyu kin san shi, kina 'yar ƙarama lokacin, amma ba ki san abin da ya bar mini ba. Bayan shekarun haya Malam ya gina ɗan gida a unguwar da muke cakuɗe da kowa. Maƙwabciyata malamar firamare ce 'yar Angas, da Sallah in kai mata nama, da Kirsimeti ta sa Malam ya yanka mata kaji don mu iya ci. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 gari ya rikice. Malam yana kasuwa, hanya ta yanke. Matar nan ta jawo ni da yara uku ta cusa mu a ɗakin ajiyarta, bayan buhunan masara, kwana biyu. Da asubahin Lahadi ta karɓi hijabina ta ɓoye, ta ɗaura mini zanenta da ɗankwalinta, ta wuce gaba muna bin ta har inda sojoji suke. Soja yana tsawa a yi sauri, na tura yara cikin mota, na hau, na juyo, har ta juya da gudu don nata 'ya'yan su kaɗai ta bari. Ko na gode ban ce ba.

Na ce in ƙura ta lafa zan koma. Ƙura ba ta lafa yadda muka zata ba. Gari ya rabu, kowa ya koma ɓangaren nasa, gidan ma ta hannun dillali aka sayar, ban sake taka layin ba. Wayar salula a watan da ya gabata ne ta shigo ƙasar, ba mai ita a cikinmu, balle in ce ina da lambarta. A Fabrairun 2002 kasuwar Terminus ta ƙone da rumfar Malam a ciki, muka shiga neman abin da za mu ci. Sai rikicin 2008, sai na 2010. Lokacin da na samu wanda zan aika, aka ce ta yi ritaya ta bar Jos. Zanen yana ƙasan akwatina, shuɗi mai zanen ganye. Duk shekara in na fito da kayan sanyi sai na gan shi. Ta barikin da muka yi gaba, in na tuna ta zuciyata wasai take. Wannan da ba mu taɓa saɓawa ba, ita ce ke hana ni barci.

Shi ya sa tambayarki ta ba ni dariya kuma ta ba ni tsoro. Ke ba wanda ya kore ki, ƙafarki lafiya, hanya a buɗe, kina da sati uku a hannu, amma kina neman yadda za ki sulale. Ba ke kaɗai ba ce, haka zamanin ya zama. Bara wani yaro da matarsa suka tashi daga layinmu cikin dare, sai kwaɗo muka gani a ƙofa da safe. Tsohuwar da ke riƙe musu jariri in matar ta tafi aiki ta dama koko ta kai, ta tarar ba kowa. Sai a waya jikarta ta nuna mata hotonsu a sabon gida. Ba ta bin su ko sisi, amma sati guda ba ta fito ba. Mu an gaya mana zumunci a ƙafa yake, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Bai ce maƙwabcin da kuke shiri ba.

Ba zan ce miki sallamar tashi tana cikin farillai ba, kuma in kin yi sammako kin wuce ba mai tare ki a hanya. Matar nan ma wataƙila ki durƙusa ta ƙi kallonki, ba kowace ce Maman 'yan biyu ba. Amma a saƙonki na watan jiya ke da bakinki kika ce ranar da ƙaramin ya shiɗe da zazzaɓi maigidanki ba ya gari, mijinta ne ya fito da babur ƙarfe biyun dare, ita kuma ta kwana da sauran yaranki, duk kuna cikin gabar. Ban manta ba ko da ke kin manta.

Abujar ma da za ki, bariki ce babba. Sai a 1991 gwamnati ta tare a cikinta, ban da Gwarawa da sauran ƙabilun da aka tarar kowa kawo shi aka yi, kowa yana cewa na ɗan lokaci ne. Da kun gangara Hawan Kibo za ki ji iska ta canza, kafin Akwanga kin cire wa yara rigar sanyi, kuma ina gaya miki, sanyin nan da kike ƙorafi a kai shi za ki fara nema. In kukan ya zo a mota kada ki ɓoye wa maigidanki, kada kuma ya ɗauka ba kya son tafiyar.

Yanzu dai ki fara da fito da kayan aro, za ki sha mamakin yawansu. Ki sallami mai garuwa da mai kanti, ki cika adashinki. Durom ɗin ruwanki babba kada ki kai shi Kubwa, ki duba wadda ta fi shan wahalar ruwa a gidan ki bar mata. In kin shirya zuwa waccan ƙofar ki gaya mini ranar, zan hau keke in zo in zauna a ɗakinki, ke ki taka ki je, ki dawo ki same ni. Na sa an auno miki acca mudu biyar daga Katako, zan taho da ita. Yaran kuma ki kawo mini su su kwana a wurina daren tashinku.

Goggonki.